Salansar Bindiga: Tarihin Notin da Ke Yawan Kwancewa

Yau za mu leƙa tarihin wani ƙarfe da kuke gani a finafinai, wanda ake murɗawa a bakin bindiga don rage ƙara. Salansa kenan. Eh, sunansu ɗaya da ta mashin ɗinku, kuma akwai dalili.

Wanda ya fara sayar da ita ɗan Amurka ne, Hiram Percy Maxim, ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1909. Sunan bai yi muku kama da wanda kuka sani ba? Mahaifinsa ne ya ƙera bindigar Maxim mai ruwan harsashi, irin wadda sojojin Lugard suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uba ya cika duniya da ƙara, ɗa ya zo yana neman rage ta. Daga baya ma kamfaninsa ya koma ƙera salansar injina.

To amma tun farko matsalar tana wurin haɗi. Ana yanka haƙora a bakin bututun bindiga kamar na noti, a murɗa salansar a kai. Duk harbi ɗaya ƙarfe na jijjiga, ya yi zafi, ya huce. A hankali sai ta fara kwancewa. Cikinta kuwa faifai ne jere, kowanne da ramin da ya ɗan fi harsashi faɗi kaɗan. Da ta ɗan karkace, harsashi zai daki faifan, ya fasa salansar ko ya kauce hanya. Kun ga nan rai ake magana.

Samfurin Maxim na 1910 ya ƙara wahalar. Raminsa ba a tsakiya yake ba, an yi shi ta sama don kada ya tare wa maharbi saiti. Dole ta tsaya cak a wuri ɗaya.

Kowa da dabararsa. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta ƙera bindigar De Lisle, wadda salansarta a jikinta take, babu abin da zai kwance. Su kuwa Rasha, a Kalashnikov, haƙoran hagu suka yanka, suka sa ɗan ƙusa mai sifirin da ke riƙe abin da aka ɗaura. Kamfanonin baya-bayan nan sun fito da mahaɗi mai makulli.

Wani gyara kuma: finafinai na yaudararmu. Salansa ba ta kashe ƙara, ragewa kawai take yi, yawanci da desibel 20 zuwa 35, alhali harbin babbar bindiga na kaiwa wajen 160. Duk da haka a 1934 Amurka ta ɗora mata harajin dala 200, kuɗin da ya ninka farashinta sau da yawa.

Sama da shekara 100 kenan injiniyoyi na fama da wannan ɗan wurin murɗi. Masu gyaran mashin da ke cikinmu, ku faɗa mana: sau nawa notin salansa ya ba ku ciwon kai? Sai mun haɗu a shiri na gaba.