Hutu a jirgin ruwan shaƙatawa: daɗinsa, wahalarsa da kuɗin da talla ba ta faɗa

Jirgin ruwan shaƙatawa, wanda masu jin Faransanci suka sani da bateau de croisière, jirgi ne da ake shiga don hutu kawai. Yakan tashi daga wata tashar ruwa, ya zaga garuruwan bakin teku na kwana uku, bakwai ko fiye, sannan galibi ya komo inda ya taso. A cikinsa fasinja ke kwana, a cikinsa yake ci, da safe ya sauka ya ga gari, kafin magariba ya dawo. Ƙungiyar kamfanonin wannan harka, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan hutu a 2023, adadin ya kai miliyan 34.6 a 2024.

Mazauna Dakar, Takoradi, Tema, Lome da Kwatano kan ga waɗannan fararen jirage masu kama da bene sun tsaya yini guda sun wuce. Tun daga ƙarshen 2023, lokacin da hare-haren ƴan Huthi na Yaman suka sa kamfanoni da dama kauce wa Bahar Maliya, jirage da yawa sun koma zagayowa ta Afirka ta Kudu da gaɓar yammacin nahiyar.

Daga ina abin ya samo asali

Jirgi na farko da aka ƙera takanas don yawon shaƙatawa shi ne Prinzessin Victoria Luise na wani kamfanin Hambog a Jamus, wanda aka saka a ruwa a 1900. Lokacin abu ne na attajirai. Sai da jiragen sama suka ƙwace fasinjojin da ke tsallaka tekun Atalantika a shekarun 1960, sannan masu jiragen ruwa suka juya ga sayar da hutu ga masu matsakaicin ƙarfi. Kamfanin Carnival, wanda a yau shi ne mafi girma a harkar, ya fara a 1972 da tsohon jirgi guda mai suna Mardi Gras, kuma a fitarsa ta farko daga Miyami sai da ya kafe a yashi.

Yanzu girman jiragen ya wuce misali. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Faransa ma na cikin manyan masu ƙerawa: a Saint-Nazaire aka ƙera MSC World Europa, wanda ya zama masaukin ƴan kallo a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022.

Yadda rana take a ciki

Babban daɗin tafiyar shi ne sau ɗaya mutum zai kwance kayansa. Ya kwanta a Marsai, ya farka a Barsalona ko Jenowa, ba tashar mota, ba neman masauki, ba ciniki da direba. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin da kowa ke ɗiba da kansa, da wuraren iyo, da wasannin dare, da wurin kula da yara. Ga iyali mai tsofaffi da ƙananan yara wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin kowa na da abin yi kuma duk suna wuri ɗaya.

Ɗakuna kashi huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, mai taga da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai manyan ɗakuna na masu hali. Na cikin shi ne mafi araha, kuma shi ne farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla. Ƙarami ne ƙwarai, kuma da an kashe fitila ba a bambance tsakar dare da azahar. Wasu na son haka don barci, wasu kuwa kwana biyu ƙirjinsu ya fara ƙunci.

Ana raba kwanaki gida biyu, ranar tsayawa a tasha da ranar da jirgi ke tsakiyar teku. Ranar teku ce ke nuna wa mutum cewa da dubban jama'a yake hutun: layi a wurin abinci, layi a bakin lif, kujerun gefen wurin iyo an kama su da tawul tun da sassafe. Ranar tasha kuma gajeruwa ce. Sa'o'i shida zuwa goma ba sa isa a san gari, sai dai a ce an taka shi. Akwai kuma ƙa'idar da sabon shiga ya kamata ya riƙe: jirgi ba ya jiran wanda ya makara. In da motar yawon da kamfani ya shirya aka fita, za a jira ta. Wanda ya fita da kansa ya wuce lokaci, shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yakan bambanta da na garin da aka sauka.

Kuɗin da ke biyo baya

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Farashin talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, don haka mai tafiya shi kaɗai kan biya kusan ninki biyu. Galibi ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi. Ana ba kowa kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma ake miƙawa a duk sayayya, sai daren ƙarshe lissafi ya fito. A nan ne mutane da yawa ke riƙe baki.

Manyan kamfanonin Amurka na cire tukuicin ma'aikata kai tsaye daga asusun fasinja, tsakanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana a kan kowane mutum, wato wajen sefa dubu goma. Iyali mai mutum huɗu a tafiyar mako guda sun haura dala 400 ke nan kafin su sha ko lemo. Lemon kwalba, ruwan gora, gidajen abinci na musamman, yawon cikin gari, hotuna, wanki da intanet duk daban ake biya. Wayar salula kuwa, in ba a kashe mata hanyar sadarwa ba, takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda yake da tsada ƙwarai. Asibitin jirgi ma ba kyauta ba ne, shi ya sa inshorar tafiya mai ɗauke da kuɗin kwashe marar lafiya take da muhimmanci.

Ga mai fasfon Nijar, Chadi, Kamaru, Gana ko Sudan, babban shinge shi ne biza. Kamfani ba ya nema wa kowa. Zagayen tekun Bahar Rum na buƙatar bizar Shengen, mai shiga da fita sau da yawa in jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ya dawo. Wanda zai tashi daga Miyami sai da bizar Amurka. Ana iya hana mutum hawa saboda rashin bizar ƙasa ɗaya daga cikin jerin, ko da ya ce ba zai sauka a can ba, kuma galibi ba a mayar da kuɗi. Katin rigakafin shawara ma a riƙe shi kusa. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba.

Teku da lafiyar jiki

Manyan jirage na da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma ba sa hana shi gaba ɗaya. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, inda motsi ya fi sauƙi. Kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa na taimakawa, haka ma citta da ƙwayoyin hana tashin zuciya. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a Atalantika, tikitin yankin Karibiyan kan yi sauƙi, amma kyaftin na da ikon soke tsayawa a kowane gari ko sauya hanya, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba shi wannan dama.

Cutar da ta fi addabar fasinjoji ita ce amai da gudawa da ƙwayar norobairos ke haddasawa. Tana yaɗuwa ta hannu, ta ƙarfen matakala da cokalin ɗibar abinci, kuma man goge hannu bai cika kashe ta ba, sai wanki da sabulu. Wanda ya kamu akan umarce shi ya zauna a ɗakinsa har ya warke.

Abin da ke sa jirgi daɗi, wato komai na wuri guda, shi ne kuma ke sa matsala ta yi tsanani, domin babu ƙofar fita. A Fabrairun 2013 gobara ta tashi a ɗakin injin Carnival Triumph a tekun Meksiko, wuta ta ɗauke, makewayi suka daina aiki, mutane sama da 4,000 suka kwashe kwanaki cikin zafi da ɗoyi kafin a janyo jirgin zuwa Mobile a jihar Alabama. A Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona, sama da goma suka rasu.

Ɗaya daga cikin mafi muni a wannan zamani shi ne Costa Concordia. A daren 13 ga Janairun 2012 ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya bayan kyaftin Francesco Schettino ya matso da shi gaɓa fiye da kima. Mutum 32 suka mutu, kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu wurin taruwa da yadda ake saka rigar ceto ba. Bayan haka aka gyara dokar kare rayuka a teku, SOLAS, wadda asalinta nutsewar Titanic ne a 1912, aka wajabta wannan bita kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Irin waɗannan haɗurra ba su da yawa in aka dubi miliyoyin da ke tafiya lafiya kowace shekara, amma bitar nan ta ƴan mintoci ba abin wasa ba ce.

Musulmi a cikin jirgi

Yawancin jiragen an tsara su ne da giya da gidan caca, kuma daga nan kamfanoni ke samun riba mai yawa. Ana buɗe cacar da zarar an fita daga ruwan ƙasa. Naman alade na cikin abincin yau da kullum, don haka mai son naman halal ya sanar da kamfani makonni kafin tafiya, in ba haka ba ya tsaya ga kifi da ganye. Alƙibla na sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, amma talabijin ɗin ɗaki kan nuna taswira da inda jirgin ya dosa. A Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, daga Jidda, da abincin halal da wuraren salla, ba tare da gidan caca ba.

Waɗanda ke ƙarƙashin bene

Murmushin da ke tarbar fasinja na ma'aikata ne da akasarinsu suka fito daga Filifin, Indonesiya da Indiya. Sukan yi kwantiragin wata shida zuwa tara, aiki kullum babu ranar hutu, suna kwana bibbiyu a ƙananan ɗakuna a hawan ƙasa. Jiragen galibi na ɗauke da tutar Bahamas, Panama ko Malta saboda sauƙin haraji da dokokin ƙwadago, kuma shi kansa kamfanin Royal Caribbean, duk da hedikwatarsa na Miyami, a Laberiya aka yi masa rajista.

Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta hutun aƙalla sa'a 10 a cikin 24, da sa'a 77 a mako. Ta kuma hana dillalan ɗaukar aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki don sama masa gurbi. Matasan da ke cin karo da tallar aikin jirgin ruwa a Facebook ko WhatsApp su lura da wannan: wanda ya ce a tura masa kuɗin rajista kafin a ga kwantiragi, ya riga ya saɓa wa dokar.

Garuruwan da jiragen ke tsayawa ma ba duka ke murna ba. Dubban baƙi kan cika tituna na ƴan sa'o'i su koma jirgi su ci abinci, hayaƙin injin kuma ya rage wa mazauna. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis daga 1 ga Agustan 2021, kuma a Marsai, babbar tashar irin waɗannan jirage a Faransa, mazauna unguwannin bakin tasha sun daɗe suna ƙorafi kan gurɓatar iska.

Wanda ke son ɗanɗana tafiyar ba tare da bizar Turai ba yana da zaɓi a cikin nahiyar. Kamfanin MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafin Afirka ta Kudu. A Masar ƙananan jirage na zirga-zirga a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan cikin kwana uku zuwa huɗu, ba igiyar ruwa, ba jiri. A Senegal kuma akwai Bou el Mogdad, tsohon jirgin da aka ƙera a 1950 yana jigilar kaya da wasiƙu, wanda yanzu ke ɗaukar ƴan yawon buɗe ido a kogin Senegal tsakanin Saint-Louis da Podor cikin kusan mako guda.