Janye kaya masu haɗari daga kasuwa: yadda ake yi da inda sanarwa ke tsayawa

Janye kaya daga kasuwa mataki ne da hukuma ko kamfani ke ɗauka idan aka gano cewa wani abin amfanin gida, magani ne ko abin sha ko maganin ƙwari, na iya cutar da jama'a. A ƙa'ida, akan bayyana sunan kayan da lambar rukunin da aka sarrafa shi, a dakatar da sayarwa, a tattaro wanda ya riga ya fita, sannan a lalata shi.

Su wa ke da alhaki?

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da abinci da magunguna da kayan kwalliya da sinadarai. Hukumar SON kuma na duba ingancin kayan masana'antu irin su wayar lantarki da tukunyar gas. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sarrafa kaya ko mai rarraba su ya sanar da jama'a, ya kuma janye kayansa da zarar ya gano haɗari a cikinsu. Jihar Kano na da tata hukumar kare haƙƙin masu saye.

Abubuwan da suka faru a baya

A ƙarshen 2008, maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Najeriya. An samu sinadarin diethylene glycol, mai lalata ƙoda, a cikinsa, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran. A 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

A watan Afrilun 2024, NAFDAC ta janye wani rukuni na maganin tarin yara na Benylin da aka sarrafa a Afirka ta Kudu, bayan gwajinta ya nuna wannan sinadari. A nan akwai kwali, akwai lamba, don haka mai saye na iya dubawa.

Lamarin Kano na Maris 2021 ya sha bamban. Mutane sun riƙa amai da fitsarin jini bayan shan lemon gari da aka haɗa da abin da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kusan 400 kuma sun kwanta asibiti. NAFDAC ta ce sinadarin hydroxylamine ne, wanda ba na ci ba ne.

Inda gizo ke saƙa

Sanarwar janye kaya kan fito ne da Turanci a intanet, kuma ta dogara ga suna da lambar da ke jikin kwali. A ƙauyukan gabashin Kano kuwa, kamar Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi, kaya kan bi hannaye da dama daga manyan kasuwannin birni irin su Singa kafin su isa teburin mai tireda. A hanya akan buɗe buhu a ƙulla a leda, ko a ɗura ruwan magani a kwalbar da ba ta da rubutu, kamar yadda ake sayar da fiya-fiya. Abin da ba shi da suna ba ya janyuwa.

Akwai kuma batun asara. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a kaya ba zai yi saurin miƙa su ba matuƙar babu wanda zai mayar masa da kuɗinsa.

Abin da ya rage

Ana auna nasarar janye kaya ne da yawan abin da aka dawo da shi daga shaguna da gidaje. Hakan na buƙatar sanarwa da Hausa a rediyo, da shigar da dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da tilasta wa dillalai biyan masu ƙananan shaguna. Duk lokacin da hukuma ta sanar da janye wani kaya, jama'a na da haƙƙin tambayarta: nawa aka shigo da shi, nawa aka karɓo, kuma wa aka hukunta?