Patein

Patein (suna, Turawan Ingila sun kira shi Basein): babban birnin yankin Ayeyarwadi a ƙasar Myanmar, wato Bama, kimanin kilomita 190 yamma da Yangon. Yana bakin kogin Patein, reshen yamma na kogin Irawadi, kuma jiragen ruwa na teku kan shigo har tasharsa duk da nisansa da gaɓa.

A da yana ƙarƙashin masarautar Mon. Ingila ta mamaye shi a yaƙin da ta yi da Bama a 1852, daga nan ya bunƙasa da cinikin shinkafa: manoma su kawo ta cikin kwalekwale, injinan bakin kogi su casa, a yi lodinta zuwa ƙetare. Shinkafar Pawsan mai ƙamshi ta wannan yanki abar alfahari ce, kuma ta cancanta.

Damina na kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rani kuwa zafi ne da gumi.

Galibin mazauna Bamawa ne mabiya addinin Buda, akwai kuma ƴan ƙabilar Karen, da Kiristoci da Musulmi. Haikalin Shwemokhtaw mai ruwan zinariya na tsakiyar gari. An san Patein da laimar gora mai zane da alawar shinkafa da kwakwa.