Masu Rubuta Tarzoma Ba Su da Ubangida: Daga Salaga Zuwa Madina



Duk lokacin da gari ya rikice, mutane kashi uku suke zama: masu faɗa, masu gudu, da wanda ya tsaya yana kallo domin ya ba da labari. Na ukun nan shi muke so mu waiwaya a yau, musamman wanda ba ya cin albashin gwamnati ko na wani babban gidan jarida, wato wanda ake kira ɗan jarida mai zaman kansa. Da yawa suna ɗauka sana'ar baƙuwa ce da ta zo da kyamara da intanet. Tarihinmu na Zango ya nuna mun san irin wannan mutum tun kafin a haifi kakanninmu.

A shekarar 1892 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen Kpembe a ƙasar Gwanja. Wutar ta ci Salaga, kasuwar goron da ayarin Kano da Katsina da Sakkwato suke yi wa tafiyar watanni. Fatake suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Karaki. A cikin waɗanda suka ga abin da idonsu akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano, wanda daga baya ya zama limamin Karaki har ya rasu a 1934. Babu sarkin da ya ɗauke shi aikin rubuta tarihi. Da alƙalaminsa da tawadarsa ya tsara abin da ya faru cikin ƙasidun Larabci, sannan ya rubuta zuwan Nasara da yadda suka bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da Larabci da kuma Hausa. Almajirai suka kwafa, fatake suka sa a gafaka, labari ya bi hanyar goro. Haka kuma wani Malam Abu ya bar mana labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawa da Babatu cikin ajami. A shekarun 1960 Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo da abokan aikinsu suka tattara irin waɗannan takardu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, wadda tsakaninta da kasuwar Madina tafiyar 'yan mintoci ce. Albarkacin waɗannan malamai ne muke jin faɗuwar Salaga daga bakin waɗanda ta faɗo a kansu.

Sai mu gwada wannan da abin da ya biyo baya. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga Kumasi zuwa Najeriya, a tsakiyar rigimar siyasar da ta raba kan Zango. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubun dubatar mutane suka tashi daga Nima da Mamobi da Sabon Zango da zangunan Kumasi, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. An sayar da gidaje a wulaƙance, an raba mata da miji, an kwana a tashoshi da bakin iyaka. Manyan jaridun lokacin, Daily Graphic da Ghanaian Times, mallakar gwamnati ne. Mafi yawan abin da muka sani game da waɗannan kwanaki daga bakin tsofaffinmu muka ji shi, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nasa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya tafi ba a rubuta ba, waƙar ta bi shi.

Zamani ya juya. Tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da 'yancin kafofin labarai, a 2001 kuma majalisa ta soke dokar da take ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, wayar hannu ta sa kyamara a aljihun kowane yaro. Ƙofa ta buɗe, amma wanda ya shiga ta ba tare da kowa a bayansa ba, shi kaɗai yake tarar haɗarin.

Ahmed Hussein-Suale mazaunin Madina ne, yana aikin binciken ɓoye tare da Anas Aremeyaw Anas a ƙungiyar Tiger Eye. Yana cikin waɗanda suka haɗa fim ɗin Number 12, wanda aka nuna a watan Yuni 2018, ya tona cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa har FIFA ta hukunta shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi. Bayan haka wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin, fuskar da take ɓoye ta zama sananniya. Ɗan majalisar ya musanta cewa yana da hannu a abin da ya biyo baya. A daren 16 ga Janairu 2019 wasu mutum biyu a kan babur suka harbe Ahmed cikin motarsa a nan Madina, yana da shekara 31. Shekaru sun shuɗe, ba a yanke wa kowa hukunci ba.

A Ejura kuwa, Ibrahim Muhammad da aka fi sani da Kaaka ba shi da katin ɗan jarida. Wayarsa da shafinsa na Facebook su ne kayan aikinsa, yana nuna lalacewar hanyoyi da magudanan garinsu. An far masa da dare, ya rasu ranar 28 ga Yuni 2021. Washegari matasa suka fito, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu. Da yake akwai masu ɗaukar hoto a wurin, ƙasa duka ta ga abin da ya faru, kwamitin Mai Shari'a Koomson kuma ya zauna da hujja a gabansa. Gani ya kori ji.

A sauran duniya ma labarin bai canza ba. Camille Lepage, 'yar Faransa mai ɗaukar hoto, an kashe ta a Afirka ta Tsakiya a 2014 tana da shekara 26. A shekarar ce aka yanka James Foley ɗan Amurka a Siriya. Olivier Dubois an sace shi a Gao ta ƙasar Mali a watan Afrilu 2021, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Maris 2023. Duka ukun masu zaman kansu ne. Dalilin da ya sa su ne suke gaba a bayyane yake: ajiye wakili na dindindin a wurin rikici yana da tsada, don haka manyan kafofi sukan sayi labari ɗaya ɗaya daga wanda yake can. In an buga a biya shi, in ba a buga ba ya yi asarar kuɗin mota. Sau da yawa ba inshora, ba rigar sulke, ba lauya. Baturen ma yana da ofishin jakadanci da zai nemi sakinsa. Ɗan gari, wanda ya san lungu ya san harshe, bayan labari ya fita gida zai koma ya kwana kusa da waɗanda ya tona.

Ba muna cewa duk mai riƙe da waya mai gaskiya ba ne. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, malaman hadisi kuma sun koya mana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Wannan ma'aunin shi ya kamata mu ɗora wa yaranmu masu rahoto. Wanda ya cika shi kuwa, yana da haƙƙi a kanmu. Kada mu nuna gidansa ga baƙon da ba mu san nufinsa ba. In an kama shi, sarakunan Zango da limamai su je ofishin 'yan sanda da rawunansu, kamar yadda suke zuwa in an kama ɗan kasuwa. In ya faɗi abin da ya taɓa jam'iyyar da muke so, mu tuna gaskiya ɗaci gare ta. Sannan mu zaunar da tsofaffin da suka ga 1969 a ɗauki muryarsu tun suna raye.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru da Ahmed da Kaaka, Ya tsare masu faɗin gaskiya a duk inda suke, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.