Labarin bincike a duniyar 'yan fim: asalinsa da gurbinsa a adabin Hausa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai akwai wani da ake ginawa a kan laifin da aka aikata a tsakanin masu sana'ar fim: a kashe jaruma ana tsaka da ɗaukar shiri, ko furodusa ya yi layar zana da kuɗin jama'a, ko wani hoto ya faɗa hannun wanda zai yi barazana da shi. Wannan reshe ya haura shekara 70 yana ci a Amurka da Ingila. A ƙasar Hausa kuwa, inda littafi da fim suka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya, kayan haɗinsa sun daɗe da hallara, amma masu sayar da littattafai ba su ware masa gurbi na kansa ba. Dalilin hakan yana cikin tarihin Kannywood, da kuma abin da Bahaushe ya ɗauka a matsayin babbar asara.

Yadda ake gina shi

Irin waɗannan labarai sun kasu gida biyu. Na farko shi ne labarin bincike: an aikata laifi, mai karatu bai san wanda ya aikata ba, sai ya bi sawun ɗan sandan ciki ko wani mai kaifin basira, ana tsintar alamu ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai laifin a babin ƙarshe. Na biyu shi ne labarin zulumi. A nan sau da yawa an san mai laifin tun shafin farko, abin da ke hana mai karatu ajiye littafin shi ne ko za a kama shi, da kuma wanda zai cutar kafin a kai gare shi.

Masana'antar fim ta dace da duka biyun saboda dalilai uku. Na ɗaya, sana'ar ɗan wasa ita ce ya zama wani mutum dabam. Wanda ke zubar da hawaye da zarar darakta ya ba da umarni ba zai sha wahalar yi wa mai bincike kukan ƙarya ba. Na biyu, wurin ɗaukar fim kewayayyen wuri ne mai ƙididdigaggun mutane, kowa da aikinsa da lokacin shigarsa, ga bindigar wasa da wuƙar wasa waɗanda ana iya musanya su da na gaske. Na uku, jarin ɗan wasa sunansa ne. Ɗan kasuwa na iya yin abin kunya ya buɗe shagonsa washegari, amma tauraro in sunansa ya ɓaci kasuwarsa ta watse. Saboda haka kusan kowa a labarin yana da abin da yake ɓoyewa, ko da ba shi ya yi laifin ba, aikin mai bincike kuma shi ne ya rarrabe sirrin da ya shafi laifin da wanda bai shafe shi ba.

Inda ya samo asali

A farkon Fabrairun 1922 aka tsinci gawar darakta William Desmond Taylor a gidansa da ke birnin Los Angeles na Amurka, an harbe shi. Har yau ba a gano wanda ya kashe shi ba. Amma jaridu sun shafe watanni suna tona rayuwar waɗanda suka yi hulɗa da shi, har tauraruwar jarumai mata biyu, Mabel Normand da Mary Miles Minter, ta dusashe, alhali ba a gurfanar da ko ɗayarsu a kotu ba. A shekarar ce kuma manyan kamfanonin fim suka ɗauko wani ɗan siyasa, Will Hays, suka ɗora shi a kan ƙungiyarsu domin ya wanke sunan Hollywood.

Marubuta ba su bar wannan dama ta wuce su ba. Raymond Chandler, wanda shi kansa ya yi aikin rubuta labarin fim a Hollywood, ya fitar da The Little Sister a 1949, inda hoton wata jaruma mai tasowa tare da wani riƙaƙƙen ɗan daba ya zama sanadin kashe-kashe. A 1962 Agatha Christie ta Ingila ta rubuta The Mirror Crack'd from Side to Side: wata mata ta sha guba a liyafar da wata shahararriyar jaruma ta shirya, kowa ya ɗauka jarumar aka nufa. A 1976 H.R.F. Keating ya kai ɗan sandansa, Sufeto Ghote, cikin masana'antar fim ta Indiya a littafin Filmi, Filmi, Inspector Ghote.

Wanda masu karatun Turanci a Arewa suka fi sani shi ne James Hadley Chase, wanda littattafansa suka yi ta zagaya makarantun sakandare a shekarun 1970 da 1980. A littafinsa Not Safe to Be Free na 1958, ɗan wani hamshaƙin furodusa ne ya kashe wata matashiyar 'yar wasa a otal, lokacin bikin fina-finai na birnin Cannes a Faransa. Mai karatu ya san shi tun farko, zulumin shi ne yaushe asirinsa zai tonu. Masu kallon fina-finan Indiya kuwa sun ga irin wannan zubi a Om Shanti Om na 2007, inda furodusa ya halaka jarumar da ya aura a ɓoye don kada ta ɓata masa lissafi.

Labarin laifi a adabin Hausa

Laifi da sakayya ba baƙi ba ne a rubutun zube na Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne: attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, ɗan da aka haifa a auren ya zama ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Sai dai a nan babu mai bincike, alhaki ne ke bin mai shi.

Littafin da ya fara kawo ƙamshin labarin ta'addanci na zamani shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Labarin Mailoma da ƙungiyarsa ne, da makamai da miyagun ƙwayoyi a Najeriyar bayan yaƙin basasa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka samu ambaliyar littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Soyayya ce ta fi rinjaye a cikinsu, amma marubuta irin su Bala Anas Babinlata, Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro sun yi suna da labarai masu sarƙaƙiya da tsinka zuciya. Ke nan gwanintar ɗaure mai karatu ba ita ce ta yi ƙaranci ba.

Littafin da ya haifi fim

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Ba a jima ba marubuta suka shigo da littattafansu. An mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim a 1994, Tsuntsu Mai Wayo na Babinlata ya biyo baya, sannan Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Ahmed Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu kafin ƙarewar shekarun 1990. Wannan hanya ba ta toshe ba. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih duk daga littafi suka koma rubuta shirye-shiryen talabijin, kuma labarin makirci mai dogon zango ya sami gida a allo, kamar yadda aka gani a Kwana Casa'in na tashar Arewa24 daga 2019.

A nan bambancin yake. Chandler ya bar Hollywood da ɗacin rai, ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Marubucin Hausa da ya san sirrin wurin ɗaukar fim kuwa galibi yana cikin sana'ar har gobe, furodusan da zai zana a littafi shi ne zai sayi labarinsa na gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kasafai yake tara makwabta ya nuna masu ba.

Mujallu ne suka cike giɓin. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta aka fara amfani da sunan Kannywood a 1999, da Fim ta Ibrahim Sheme da ta fara fitowa a Maris na shekarar, su suka riƙa kawo wa jama'a labarin aure da saki da rigingimun 'yan wasa kowane wata. Daga baya Facebook da Instagram da TikTok suka karɓi aikin, ba tare da tacewar edita ba.

Abin da ake tsoron rasawa

A labarin bincike na Turawa, gawa ce ke buɗe fage. A tarihin Kannywood kuwa abin da ya fi girgiza masana'antar ba kisa ba ne. A watan Agustan 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa, wanda aka ɗauka da wayar salula, ya bazu a hannun jama'a. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a 2001, ta sami sabon shugaba, Abubakar Rabo Abdulkarim, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kuma a 2008. Marubuta ma ba su tsira ba: a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar ta buƙaci su yi rajista da ita, abin da ya jawo doguwar taƙaddama.

Wannan ya yi kama da abin da ya faru a Amurka a 1922: abu ya sami mutum ɗaya, hukunci ya hau kan sana'a baki ɗaya. Ya kuma nuna cewa a wannan muhalli mutunci ne abin da ake kashewa. Shi ya sa idan 'yar fim ta fito a ƙagaggen labarin Hausa, tambayar da galibi ake ɗaure mai karatu da ita ita ce ko dangin miji za su karɓe ta, ko kuma wa ya saki hoton da ya rusa aurenta. Wannan ma bincike ne, yana da mai laifi da wanda aka zalunta da alamun da za a bi. Haɗarinsa shi ne masana'antar ƙarama ce, an san juna. Marubucin da bai ɓad da kamannin taurarinsa da kyau ba, sai masu karatu su ɗora ƙagaggen laifi a kan rayayyen mutum, ƙazafi ya shiga rigar adabi.

Masu karatu a arewacin Zamfara

Garuruwa irin su Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi suna can ƙarshen hanyar da hajar Kano ke bi, kuma sun nuna yadda littafi da fim ke isa ga mutanen da ke nesa da inda ake yin su. Ƙaura Namoda ce tashar ƙarshe ta layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, wanda ya isa garin a 1929, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a can a 1983 tana tara matasa masu karatu daga sassa da dama. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta daɗe tana haɗa fataken Najeriya da na Nijar, Zurmi kuma na kan hanyar da ta nufi Jibiya da iyaka. Ta irin waɗannan hanyoyi ne littattafai da kaset-kaset da fayafayai suka riƙa fita daga Kano zuwa karkara.

Bayan da Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an rufe gidajen silima a jihar. Kallo ya koma cikin gida, inda littafi ya riga ya sami gindin zama a ɗakunan mata, ana aro ana haya. Yau duka biyun sun ƙaura zuwa waya: ana rarraba labari babi-babi a zaurukan WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube domin waɗanda ba su iya karatun boko ba. Raunin wannan hanya ya bayyana a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako domin yaƙi da 'yan bindiga. Tsohuwar hanyar littafi da sabuwarta suka toshe lokaci guda, makonni da dama.

Waɗannan ƙananan hukumomi suna cikin waɗanda hare-hare da satar mutane suka fi addaba, don haka mutanensu ba sa neman marubuci ya koya masu zulumi. Abin da labarin bincike ke da shi wanda suke nema a zahiri shi ne alkawarin da yake yi wa mai karatu: kafin a rufe littafi za a bi sawu, a ambaci sunan mai laifi, a wanke wanda aka zarga a kan kuskure. Duniyar 'yan fim, wadda mutumin Zurmi ya san fuskokinta kamar na mutanen unguwarsu ko da bai taɓa taka titin Gidan Zoo na Kano ba, fage ce da marubuci zai iya cika wannan alkawari a cikinta, muddin ya san yadda ake aikin fim daga rubutu har zuwa kasuwa, ya kuma ƙagi mutanensa da kansa ba tare da ya ari fuskar kowa ba.