Eliza Parsons

Eliza Parsons (1739–1811) marubuciya ce 'yar ƙasar Ingila, wadda ta yi suna wajen rubuta labaran ban tsoro da soyayya da ake kira Gothic. An haife ta a Plymouth, mahaifinta ɗan kasuwar giya ne.

Larura ce ta kai ta ga alƙalami. Gobara ta cinye wurin sana'ar mijinta a Landan a 1782, sannan ya rasu a 1790, ya bar mata ɗawainiyar 'ya'ya da bashi. A shekarar ta fitar da littafinta na farko, The History of Miss Meredith, ta ci gaba har ta rubuta littattafai 19 da wasan kwaikwayo ɗaya. Kamfanin Minerva Press na William Lane ya buga da dama daga cikinsu.

Mafi shahara su ne The Castle of Wolfenbach (1793) da The Mysterious Warning (1796). A na farkon, wata marainiya ta gudu daga hannun mariƙinta ta fake a tsohon gidan sarauta da ake zaton fatalwa na zaune ciki. Jane Austen ta ambaci littattafan biyu a littafinta Northanger Abbey. Parsons ta rasu a Leytonstone a 1811.