Ɗan Janar da Ya Kwanta a Maijirgi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Maradi ta ratsa Agye da Gazawa zuwa Tasawa, idan ya ƙara gaba kaɗan zai iske garin Maijirgi. A nan ne kabarin Kaftin Julien Chanoine yake, kusa da na abokin tafiyarsa Kaftin Paul Voulet. Dattawan ƙasar nan sun san ɓarnar da mutanen biyu suka yi, amma kaɗan ne suka san gidan da Chanoine ya fito, alhali kuwa asalin nasa na daga cikin dalilan da suka sa maganar jinin da ya zubar ta shiririce.

Mahaifinsa, Janar Jules Chanoine, an haife shi a birnin Dijon a shekarar 1835. Ya yi yaƙi a ƙasar Sin a 1860, sannan a 1867 ya shugabanci tawagar hafsoshin da Faransa ta aika Japan domin horar da sojojin can. A watan Satumba na 1898 aka naɗa shi ministan yaƙi, daidai lokacin da shari'ar Dreyfus ta raba kan Faransawa gida biyu, ya kuma ajiye muƙamin a watan Oktoba. Shi kuwa Julien, wanda aka haifa a 1870, ya yi karatun soja a makarantar Saint-Cyr. Voulet ɗan likita ne, daga ƙaramin soja ya taso. A 1896 su biyun suka ci Wagadugu da yaƙi, suka koma gida ana yi musu kirari.

Saboda haka da gwamnati ta so a kai tutarta tafkin Cadi, su aka ɗora wa aikin. A watan Janairu na 1899 rundunar ta bar gaɓar kogin Kwara, ba ta da isasshen guzuri, sai abin da ta ƙwata a hanya. Ta gwabza da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ta ƙone Birnin Konni a watan Mayu, sannan ta ratso ƙasar Gobir ta nufo gabas. Garuruwa suka watse, rijiyoyi suka cika da gawa.

Wasiƙar da wani hafsa mai suna Péteau ya rubuta wa budurwarsa ce ta tona asiri a Paris. Aka turo Laftanan Kanar Arsène Klobb ya karɓi ragamar rundunar. Ya biyo sawunsu ta cikin toka, har ya rubuta a littafinsa cewa a Koran Kalgo ya ga ƙananan yara mata a rataye a reshen itace. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojin Afirka da ke cikin rundunar suka yi tawaye, suka kashe Chanoine, washegari suka bi da Voulet.

Abin lura a nan shi ne, mutuwar Klobb ce ta girgiza Faransa, ba ta talakawan da aka yanka ba. Kuma tuhumar ɗan tsohon ministan yaƙi tamkar tuhumar rundunar soja ce baki ɗaya, wadda a lokacin take fama da abin kunyar Dreyfus. Da sauran rundunar, ƙarƙashin Pallier da Joalland, ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, aka kuma kashe Rabe a Kusuri a Afrilun 1900, sai nasara ta rufe bakin kowa. A 1902 aka rufe binciken, aka ɗora laifin a kan haukan da wai zafin ƙasar Sudan yake sa wa Turawa.

Janar Chanoine ya rayu har 1915, shekara 16 bayan ɗansa. A 1923 wani matashin jami'in mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan Maijirgi, aka ce ba a sami kowa a ciki ba.